Masu Koya wa Kwamfuta Rarrabe Yabo da Gatse

Idan Bahaushe ya rubuta "Allah ya ƙara" a ƙarƙashin hoton abokinsa da ya buɗe sabon shago, addu'a ya yi. Idan ya rubuta haka a ƙarƙashin labarin ɓarawon da ya faɗa rijiya garin gudu, cewa yake abin ya yi masa daidai. Yaro ɗan shekara goma a Ɗan Isa ko Zurmi a Jihar Zamfara ba zai rikita waɗannan biyun ba. Kwamfuta kuwa, duk saurin lissafinta, ba ta da hanyar rarrabe su sai an zauna an koya mata. Akwai mutanen da suka mayar da wannan koyarwa sana'arsu, kuma a ɓangaren Hausa waɗanda suka fi yin fice a cikinta malaman jami'o'inmu ne da ɗalibansu.

Sunan da aka fi ji shi ne na Shamsuddeen Hassan Muhammad, malamin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya yi karatun digirin digirgir a Jami'ar Porto da ke Fotugal. Tare da shi akwai Idris Abdulmumin daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Ibrahim Sa'id Ahmad shi ma daga Bayero, da wasu da dama da suka haɗu a ƙungiyar HausaNLP. Suna kuma aiki kafaɗa da kafaɗa da Masakhane, gamayyar masu binciken harsunan Afirka da ta haɗa mutane daga ƙasashe da yawa. A 2022 suka gabatar da wani aiki mai suna NaijaSenti a taron masana albarkatun harshe da aka yi a birnin Marseille na Faransa. Abin da ke ciki saƙonnin Twitter ne, kimanin 30,000 a kowane harshe, na Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin buroka, kuma kowane saƙo mutum ne ya karanta shi ya yanke hukuncin ko yabo ne, ko suka, ko kuwa magana ce kawai wadda ba ta karkata ko'ina ba.

Wanda ya ji haka zai iya cewa ai wannan ba wani abu ba ne, karatu ne da danna maɓalli. Bari mu bi aikin daga tushe.

Wahalar farko ita ce samo saƙonnin. A lokacin, Twitter na gane Turanci da Larabci da wasu manyan harsuna, sai ka ce ya ware maka su ya ware. Hausa ba ta cikin waɗanda ya sani. Dole masu binciken suka yi dabara: suka riƙa farautar saƙonni da ƙananan kalmomin da kusan babu jimlar Hausa da ke rasa su, suka haɗa da wuraren da aka san Hausawa ne suka fi yawa, har suka tara abin da ake bukata. Daga nan aka cire maimaici, aka goge sunayen masu saƙonnin da adireshin shafuka, domin ba mutum ake bincike ba, harshe ake bincike.

Sai zuciyar aikin, wato tantancewa. Kowane saƙo ana ba mutum uku 'yan asalin harshen, kowa ya yi hukuncinsa bai ga na ɗan'uwansa ba. Abin da aƙalla biyu suka haɗu a kai shi ake ɗauka. Aiki ne irin na mai tsintar tsakuwa a cikin shinkafa: ido ba ya ɗauke, kuma wadda ta wuce a baki za a ji ta. A ce saƙo ya ce, "Yaron nan shege ne a ƙwallo." Kalmar zagi ce a ciki, amma yabo ne tsantsa. Wani ya ce, "Sannunku da ƙoƙari, wutar minti biyar ɗin nan ta ishe mu." Babu kalma mara daɗi ko ɗaya, amma duk wanda ya kwana cikin duhu ya san gatse ne. Wani ya rubuta rabi Hausa rabi Turanci, abin da muke kira Ingausa, har ya liƙa wa aikatau na Turanci wakilin suna na Hausa. Wani kuma wayarsa ba ta da ƙ da ɗ da ɓ, sai ya rubuta "baki" yana nufin baƙi, mai karatu ne zai gane daga sauran jimlar ko launi ake nufi ko mutanen da suka zo daga nesa. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka gari na zama da garin tuwo kamanninsu ɗaya a takarda.

Abin da ya fi burge ni a wannan sana'a shi ne yadda ba ta yarda da "ni dai haka na ji" ba. Kafin a fara, ana rubuta ƙa'idoji dalla-dalla, da misalai. Ana gwada masu tantancewa da 'yan saƙonni kaɗan, a duba inda suka saɓa, a zauna a tattauna, a gyara ƙa'idar idan ita ce mai laifin. Har lissafi ake da shi na auna yawan dacewarsu, bayan an cire dacewar da sa'a kaɗai za ta iya kawowa. Idan makin ya yi ƙasa, alama ce ta cewa ko umarnin bai fito fili ba, ko kuma ma'aikatan sun gaji sun fara danne-danne. Sanin da ke cikin kunnen Bahaushe, wanda shi kansa ba zai iya bayyana yadda aka yi ya same shi ba, shi ake jawowa a hankali a mayar da shi abin da za a iya ƙirgawa, a bincika, wani ma ya sake gwadawa a wata ƙasa ya samu sakamako iri ɗaya.

Sai bayan an gama wannan ne na'ura ke shigowa. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira na zamani suna koyo a mataki biyu. Da farko ana ba su rubutu mai tarin yawa ba tare da wata alama ba, a riƙa ɓoye kalma ɗaya a jimla ana cewa su cinka. Da yawan cinka da gyara sai su fara sanin wace kalma ke tafiya da wace. Irin wannan manhaja ce AfriBERTa, wadda Kelechi Ogueji da abokan aikinsa suka gina a Jami'ar Waterloo ta Kanada a 2021, da harsunan Afirka 11 har da Hausa, kuma duka rubutun da suka ciyar da ita bai kai gigabait ɗaya ba. A mataki na biyu ake kawo saƙonnin nan da mutane suka tantance. Ana raba su kashi uku: babban kaso na koyarwa, ƙarami na daidaita saiti, sai na uku a ɓoye shi, na'urar ba za ta gan shi ba sai ranar jarrabawa. Da shi ake gane ko ta fahimta ko hadda kawai ta yi.

Aikin bai tsaya a Nijeriya ba. A 2023 suka faɗaɗa shi ya zama AfriSenti, harsuna 14 da saƙonni sama da 110,000, daga Amharik da Swahili zuwa Larabcin Aljeriya da na Maroko. Aka sanya shi cikin gasar SemEval ta wannan shekarar, inda ƙungiyoyin masu bincike daga sassan duniya suka fafata a kan wa zai gina manhajar da ta fi gane ra'ayi a waɗannan harsuna. A nan malaman Kano da Zariya da abokan aikinsu ne suka shirya jarrabawar, na wasu ƙasashe suka zauna rubutawa. A gefe guda Idris Abdulmumin ya jagoranci Hausa Visual Genome a 2022, hotuna sama da 32,000 kowanne da bayaninsa cikin Turanci da Hausa, don koya wa na'ura fassara tana duban hoto. A 2025 kuma aikin BRIGHTER, wanda sunan Shamsuddeen ke kan gaba a jerin marubutansa, ya tattara rubutu a harsuna 28 aka tantance shi bisa farin ciki da baƙin ciki da fushi da tsoro da mamaki da ƙyama. Ya samu kyautar fitaccen aikin samar da bayanai a babban taron masana sarrafa harshe da kwamfuta da aka yi a birnin Biyana na Ostiriya.

Akwai wani aikin nasu na 2025 da nake ganin ya fi kusa da rayuwar arewacin Zamfara, wato AfriHate, wanda ya shafi kalaman ƙiyayya da cin zarafi a harsunan Afirka 15. Duk wanda ya san matsalar tsaron da yankin Shinkafi da Zurmi ya shiga a shekarun nan ya san yadda saƙo ɗaya a waya ke iya hura wuta tsakanin maƙwabta. Kamfanonin shafukan sada zumunta suna dogara da na'urori wajen gano irin waɗannan kalamai, kuma na'urar da ba ta jin Hausa kuskure biyu take yi: ta bar mai tunzura jama'a ya wuce, ta kama mara laifi. Mu kuwa muna da wasan barkwanci. Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakano da Bazazzage, Bazamfare da Badakkare, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa a yi dariya a rabu lafiya. A rubuce, wannan wasa da zagin ƙabilanci na gaske suna iya kama da juna sosai. Wanda zai raba su sai ya san wa ke magana da wa, ya san tarihin da ke tsakaninsu. Babu ƙarfin kwamfutar da zai maye gurbin wannan sani. Sai dai a samu mai shi ya zauna ya sanya alama a saƙo bayan saƙo, kuma aiki ne mai ɗaci, domin wuni guda mutum zai yi yana karanta munanan maganganu.

To amma Hausar wa na'urar ta koya? Ta waɗanda ke Twitter a lokacin, kuma yawancinsu matasan birane ne masu ilimin boko, masu rubuta abin da ya fi kusa da daidaitacciyar Hausa. Mutumin Ɗan Isa a ƙasar Ƙaura Namoda cewa yake "mi" inda Bakano zai ce "me", "shina" a maimakon "yana", "wanga" da "tahi" da "biyat" da "lahiya". Kuma ya fi aika saƙon murya ta WhatsApp a kan rubutu. A watan Satumba na 2021 ma an katse layukan waya a faɗin Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka shafe makonni babu mai iya aika komai. Jama'ar da ba ta cika rubutu a intanet ba, muryarta kan yi ƙaranci a rumbun bayanai, manhajar da aka gina a kansa kuma sai ta riƙa tuntuɓe a kan maganarta. Wannan ba aibin masu binciken ba ne, sun fara ne daga inda rubutu yake. Amma karin harshen da Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa da shi, da duk zambo da habaicin da ke cikinsa, bai kamata ya zama baƙo ga na'ura ba.

Masu iya cike wannan giɓi suna nan kusa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda tana nan tun 1983, Jami'ar Tarayya ta Gusau kuma tun 2013, dukansu suna yaye ɗaliban kimiyyar kwamfuta da suka tashi da wannan Hausar a bakinsu. Bayanan NaijaSenti da AfriSenti a buɗe suke a GitHub, kowa na iya saukewa kyauta, kuma takardun binciken sun bayyana yadda aka yi aikin. Ɗalibin ajin ƙarshe da ke neman abin da zai yi aikin kammala karatu a kai yana iya ɗaukar jimloli 'yan ɗaruruwa daga kason jarrabawa, ya juya su zuwa Zamfarci tare da abokai biyu, ya ba manhajar, ya auna nawa makinta ya sauka da kuma irin kalmomin da suka kayar da ita. Ƙaramar kwamfutar cinya da intanet sun isa. Idan kuma muryoyi zai naɗa a kasuwar Shinkafi ko a tashar motar Ƙaura, sai ya fara da neman yardar mai magana, ya kuma goge sunan mutum da na ƙauye daga abin da ya naɗa kafin ya ajiye shi inda wasu za su gani.