Tocila ba ta gaya wa maharbi abin da ke gabansa

Wani yayi ya shigo cikin farautar dare a ƙauyukan Gusau, Tsafe da Bungudu, kuma yana damuna ƙwarai. Samarin maharba sun koma ɗaure tocila mai caji a jikin bindigar toka, ko su maƙala fitila a goshi, da sun hango ido yana ƙyalli a duhu sai su danna kunama. Suna cewa saiti ya yi sauƙi. A ganina, harbi ne ya yi sauƙi, sanin abin da ake harbi kuwa ya ƙara wuya.

Dabbobi da yawa suna da wani shimfiɗi a can cikin ido da ke mayar da haske, shi ya sa idonsu ke walƙiya idan an haska su. Gada tana da shi, haka ma akuya, saniya da kare. Tocila tana nuna ɗigo biyu masu sheƙi ne kawai. Ba za ta ce maka wannan gada ce ko maraƙin maƙwabci ba, balle ta nuna maka yaron da ke tsugune a bayansa. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Ga kuma illar da take yi wa idon maharbin kansa. Idon mutum yakan ɗauki kusan minti 30 kafin ya saba da duhu sosai, amma haske mai ƙarfi kan rushe wannan sabo nan take. Duk abin da ke wajen da'irar hasken sai ya zama baƙi ƙirin. Bindigar toka kuma warwatsa harsashi take yi, ba ta tsayawa inda hasken ya tsaya.

Dattawan maharbanmu, daga gindin Dutsen Kwatarkwashi har zuwa dajin Kuyambana, da sawu da kashi da lokacin shan ruwa suke gane nama. Sukan yi kwanto da asuba ko a farin wata, su jira sai sun ga siffar dabba gaba ɗaya. Wanda bai tabbatar ba, ya sauke bindiga, ba kuma a ɗaukar hakan ragwanci.

Yanayin tsaron Zamfara ya ƙara wa maganar nauyi. Tun da aka ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairun 2024, ga sojoji, ga 'yan sintiri, kowa a ɗarare yake da dare. Mai yawo a daji da haske da bindiga yana iya janyo a ɗauke shi ɗan bindiga, ko ya yi kiciɓis da 'yan bindigar kansu.

Ina roƙon Sarakunan Baka da shugabannin ƙungiyoyin mafarauta su kafa ƙa'ida ƙarara: ba a harbin ƙyallin ido, kuma ba a miƙa wa yaro bindiga sai ya iya karanta sawu. Wanda ya karya, a karɓe bindigarsa.