Muhawarar Fitar da Gwani a Amurka: Ta Jam'iyya ce ko ta Mai Zaɓe?

Daren 6 ga Agustan 2015 ban runtsa ba. Wajen ƙarfe biyu agogon Nijar ina zaune gaban telebijin, ina kallon muhawarar farko ta 'yan takarar jam'iyyar Republican, wadda tashar Fox News ta shirya a birnin Cleveland. Sana'ata ke nan a rediyo, in zaunar da mutane su yi gardama a gaban jama'a, don haka kallon ɗalibi na yi mata. Washegari aka ce mutum miliyan 24 suka kalla, adadin da wata muhawarar fitar da gwani ba ta taɓa samu ba. A lokacin abin ya burge ni. Yanzu kuwa, da na sake kallonta a natse, na gane ba mai zaɓe aka shirya wa ita ba.

Dubi tambayar farko. An ce wanda ba zai yi alkawarin goyon bayan duk wanda jam'iyya ta tsayar ba ya ɗaga hannu. Donald Trump kaɗai ya ɗaga. Zaure ya ɗauki ihu, tashar ta samu abin da take so. To amma wannan damuwar wa ce? Ta shugabannin jam'iyya ce. Mai neman aiki ko mai bashin asibiti a wuya ba da ita ya kwana ba. Ga mutum 10 a dandamali, kowa minti ɗaya aka ba shi ya amsa. Duk wanda ya taɓa riƙe makirufo ya san minti ɗaya kirari kawai yake ɗauka, ba ya isar bayani.

Jam'iyyar Democrat kuma ta ɗaya gefen ta ɓullo. A zaɓen 2008 'yan takararta sun yi muhawara fiye da 20. A 2015, ƙarƙashin Debbie Wasserman Schultz, sai aka ce shida za a yi, kuma duk wanda ya halarci wata da jam'iyya ba ta amince da ita ba, an kore shi daga sauran. Ta farko, ranar 13 ga Oktoba a CNN, ta samu masu kallo miliyan 15.3. Ta biyu aka kai ta daren Asabar, 14 ga Nuwamba, ta faɗo miliyan 8.5. Ta uku ma Asabar ce, kwana shida kafin Kirsimeti. Mu ma'aikatan rediyo mun san wannan dabarar: shirin da ba a so a ji, ba sai an soke shi ba, lokacinsa ake sauyawa. Martin O'Malley ya fito fili ya ce an tsara abin ne don a kare Hillary Clinton. Ko da gaske ne ko zargi ne, jadawalin bai wanke jam'iyyar ba.

Ba na cewa jam'iyya ba ta da hujja. 'Yan Republican sun yi muhawara kusan 20 kafin zaɓen 2012, suka yi wa juna rauni tun ba a shiga babban zaɓe ba, shi ya sa suka rage ta zuwa 12. Zaɓen cikin gida ne, mai gida kuwa yana da ikon tsara gidansa. Inda na rabu da su shi ne lokacin da ikon ya koma bulala a kan ɗan jarida. Bayan muhawarar CNBC ta 28 ga Oktoban 2015, da tambayoyin ba su yi musu daɗi ba, 'yan Republican suka ƙwace muhawarar Fabrairu daga hannun NBC. A 2019 'yan Democrat suka hana Fox News tasu gaba ɗaya. Tashar da ta san miliyoyin masu kallo da kuɗin talla suna hannun jam'iyya, yaya za ta matsa wa ɗan takara? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Dokokin ma kan mai ƙaramin ƙarfi suke hawa. Sharaɗin yawan masu ba da gudummawa yana nan daram har Cory Booker da Julián Castro suka janye, sannan aka ɗage shi, attajiri Michael Bloomberg ya samu shiga ta 19 ga Fabrairun 2020. A 2023 aka ce sai da alkawarin biyayya za a hau dandamali. Trump ya ƙi sa hannu, ya ƙi zuwa, masu kallo suka koma miliyan 12.8, kuma shi ya lashe takarar.

Duk da haka ban fid da rai da muhawara ba, kuma daren Bloomberg ne dalilina. Elizabeth Warren ta tsare shi kan yarjejeniyoyin yin shiru da ya ƙulla da wasu mata ma'aikatansa, ta tambaya, ta sake tambaya, ya kasa amsawa a gaban mutum kusan miliyan 20. Bayan mako biyu ya janye, duk da ɗaruruwan miliyoyin dalar da ya zuba a talla. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ya yi aiki a nan tambaya ta biyu ce, wadda ba a shirya mata ba, kuma ita ce jam'iyyu suke gudu.

Ni ma ban tsira ba. Wani babban ɗan siyasa ya taɓa gindaya mini sharaɗin a aika masa tambayoyi kafin ya zo shirina. Na yarda, don ina son sunansa. Wayoyi suka yi ta shigowa, abokan aiki suka yi ta yi mini barka. Can wani dattijo ya kira daga ƙauye yana tambayar takin da aka yi musu alkawari bara. Tambayar ba ta cikin takarda, sai na ce layinsa ba kyau, na katse shi. Layin lafiya lau yake. Har yau ban samu yawan masu saurare irin na ranar ba, kuma ba shirin da nake jin kunyar tunawa kamarsa.