Python Kyauta Ne, Ku Je Ku Buɗe Kundinsa

Jama'a, tambayar nan ta "don Allah wa ke da na gwaji na Python" ta ishe ni. Yaro zai shigo cikin masu koyon rubuta manhaja, yana gama sallama ita ce ke biyo baya. Wani ma ya fi ƙarfin hali, sai ya ce a turo masa wanda aka yi wa kirak. Kirak ɗin me, Malam? Tun da Guido van Rossum ya fitar da yaren nan a 1991 ba a sayar da shi. Babu wa'adin kwana 30, babu wani ɓangare da aka kulle sai ka biya. Ka shiga python.org ka sauke, abin da injiniyan babban kamfani ke aiki da shi, shi ne a hannunka.

Na san inda cutar ta samo asali. Mun tashi mun tarar duk manhajar da ke da amfani a shagon buga takardu, ta zane ce ko ta rubutu, sai an bi ta bayan gida ake samunta. Shi ya sa zuciya ta ƙi yarda cewa abu mai kyau zai zo a buɗe. To amma kana bakin rijiya, da guga a hannunka, kana cigiyar mai garuwa?

Wannan ma mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kundin bayanin yaren, wanda masu yaren suka zauna suka rubuta da kansu, kuma babu mai leƙa shi. A docs.python.org akwai darasin farko da ke soma wa mutum da amfani da Python a matsayin kalkuleta, biyu a tara da biyu, har ya kai shi ga manyan abubuwa. Akwai bayanin duk kayan aikin da ke zuwa tare da yaren. Ko intanet babu, ka buɗe Python ka rubuta help(len), nan take zai gaya maka aikin len. Kundin gaba ɗaya ana iya sauke shi a ajiye a kwamfuta, a riƙa karantawa ko layi ya ɗauke. Amma ka nuna wa ɗalibi wannan, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Babu bidiyonsa?"

Kuma mutumin da ke neman bidiyon nan shi ne mai kukan tsadar data kullum. Zai ƙona data a kan kwas na awa goma, ya kalli awa ɗaya da rabi, barci ya ɗauke shi, washegari ya nemi wani kwas ɗin daban domin wai wancan malamin yana sauri. Rubutu kuwa bai cin komai idan aka kwatanta da bidiyo, kuma ba ya sauri, ba ya jinkiri, inda ka tsaya nan zai jira ka.

Ga wata ɓarna da bidiyo ke yi wadda ba a cika faɗa ba. Bidiyo ba ya tsufa a ido, amma yare yana canzawa. Python 3 ya fito a 2008, aka ci gaba da lallaɓa Python 2 har zuwa 1 ga Janairun 2020 da aka daina kula da shi. Har yanzu tsofaffin darussa na yawo suna koyar da print ba tare da baka biyu ba. Yaro ya kwafa, kwamfuta ta ƙi, ya ɗauko hoton allo ya watso mana yana cewa Python ɗinsa ya lalace, ko dai na gwajin ne ya ƙare? Alhali saƙon kuskuren da kansa ya gaya masa baka ce ta ɓace. Kundi kuwa a samansa akwai wurin zaɓen lambar fitowar da kake amfani da ita, ba ya barin ka cikin wannan ruɗani.

Ba Python kaɗai ba ne. Mai son JavaScript, idan yana da Chrome ko Firefox a kwamfuta, ya danna F12, wurin gwaji ya buɗe, ga kuma MDN na Mozilla da bayanin kusan komai. Go yana da darasin da ake rubutawa a gwada a cikin shafinsa ba tare da an girka komai ba. Rust, idan ka girka shi, umarnin rustup doc zai buɗe maka littattafansa daga cikin kwamfutarka. Wanda waya kawai gare shi, akwai Pydroid 3 da Termux a Android. Wane na gwaji ya rage kuma?

Inda na gwaji yake da gaske, kamar MATLAB da ake bayar da kwana 30, nan ma abin dariya ake yi. Sai a girka a ranar farko cike da zumuɗi, a shafe makonni ana neman bidiyon da za a soma da shi, wa'adi ya cika ba a rubuta layi ashirin ba. Bayanin MATLAB a buɗe yake ga kowa a shafinsu. Ka karanta tukuna, ka san me kake son gwadawa, sannan ka tayar da agogon. Idan ya ƙare kuma babu kuɗi, GNU Octave na nan kyauta, yana gane yawancin rubutun MATLAB.

E, na ji, Turancin kundi busasshe ne, wani sashen ma an rubuta shi ne don wanda ya riga ya ƙware. 'Yan'uwanmu na Maradi da Damagaram suna da fassarar Faransanci ta kundin Python, ta Hausa kuwa babu. Masu yin darasi da Hausa a bidiyo suna ƙoƙari, Allah ya saka musu, suna cire wa mutum tsoron farko. Iyakar bidiyon ke nan. Su ma nagarin cikinsu kundin suke buɗewa kafin su kunna kyamara. Masu cewa ChatGPT ya wadatar kuma, ranar da ya ba ku sunan wani umarni da babu shi a yaren, da me za ku gane?

Don haka ga roƙona. Kafin ka sake cewa a turo maka na gwaji ko bidiyo, buɗe darasin farko na yaren da kake koyo, ka karanta shafi ɗaya, ka rubuta misalan da hannunka. Inda ka maƙale, kawo mana sunan shafin da layin da bai shige ka ba, za mu zauna a kai tare.