Madelyn Pugh: Marubuciyar Da Ke Bayan Dariyar Lucy

A nazarin wasan kwaikwayo na ban dariya, an fi yaba ɗan wasa a manta da marubuci. Wannan ne ya sa na ga ya dace in yi tsokaci a kan Madelyn Pugh, wadda aka haifa a birnin Indianapolis na Amurka a 1921, ta rasu a 2011.

Ita ce mace ɗaya tilo cikin marubutan shirin I Love Lucy, wanda gidan talabijin na CBS ya nuna daga 1951 zuwa 1957. Ta fara aikin ne tare da Bob Carroll Jr. da Jess Oppenheimer, kuma da hannunta a kowane kashi na shirin. Duniya ta san Lucille Ball, amma kaɗan ne suka san wadda ta sa mata magana a baki.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take aiki. Ba ta barin dariya ga sa'a. Takan rubuta motsin ɗan wasa dalla-dalla, sannan sau da yawa takan gwada abin da kanta kafin a ba Lucille Ball, don a tabbatar zai yiwu. Alal misali, a wani kashi na 1952, Lucy da ƙawarta Ethel sun kama aikin naɗe cakulan a masana'anta. Da injin ya ƙara gudu suka kasa, sai suka shiga cusa cakulan a baki da hula da riga. Dariyar a nan hawa-hawa aka gina ta, kamar tubali.

Sai dai ina da ƙorafi guda. A ƙarshen wannan kashi matan sun gaza a wurin aiki, mazan sun gaza a kicin, kowa ya koma inda ya fito. Ke nan matar da ta yi fice a sana'ar da maza suka mamaye ta sa hannu a labarin da ke mayar da mace gida. A ganina, zamaninta ne ya yi mata iyaka, kuma adalci shi ne a faɗi wannan tare da yabon.

Saboda haka ina roƙon malamanmu, duk lokacin da suka koyar da wasan kwaikwayo, su riƙa tambayar ɗalibai wanda ya rubuta shi. Sunan da ba a ambata a aji, da wuya tarihi ya adana shi.