Kaset Maras Komai da Matsalar Matanin Waƙar Baka

Manazarcin waƙoƙin baka na Hausa a yau ba kasafai yake samun waƙa daga bakin mai ita ba. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Alhaji Mamman Shata a 1999, Ɗanmaraya Jos kuwa a 2015. Abin da ya rage a hannun ɗalibi shi ne muryar da aka naɗa, kuma kaso mai yawa na wannan murya ya biyo ta kan kaset ɗin nan da ake saye babu komai a kansa, a ɗora masa waƙa a gida ko a kasuwa. Don haka ya wajaba a tambaya: wane irin matani ne wannan kaset ya bar wa nazari?

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, amma sai a shekarun 1970 ya zama ruwan dare a ƙasar Hausa, lokacin da kuɗin man fetur suka shigo, ma'aikata suka karɓi kuɗin Udoji a 1975, alhazai kuma suka riƙa dawowa da rikoda tsaraba. A Kano kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar kwafa da sari, kamar yadda Brian Larkin ya bayyana a littafinsa na 2008. Daga can ne kaset yakan gangaro zuwa teburan 'yan kiri na unguwanni irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, da tashoshin mota irin ta Unguwa Uku a bakin hanyar Zariya, inda direba kan saya ya wuce da waƙa Kaduna ko Jos. Mai saye yakan zo da nasa TDK ko Maxell, ya faɗi waƙoƙin da yake so, a tura masa.

Lalle ba za a musa alherin wannan hanya ba. Tsohon faifan garmaho bai ɗaukar fiye da kimanin minti 3 a kowace fuska, alhali kuwa makaɗin Hausa yakan ja waƙa gwargwadon yadda fage ya karɓa. Kaset mai lamba 60 yana ba da minti 30 a fuska, mai lamba 90 minti 45. Da wannan sarari ne aka samu ɗiyan waƙa masu yawa, da kirarin sanƙira, da hayaniyar masu kari, watau abubuwan da faifai ya saba yankewa. Haka kuma kiɗan fada, wanda a da sai mai kusanci da sarki ke jinsa sosai, ya shiga shagon tela da rumfar mai shayi.

To amma illar tana nan tattare da alherin. Da farko, kaset ba ya faɗin inda aka yi waƙa, ko yaushe, ko a gaban wa. Abin da ake rubutawa da biro a jikinsa bai wuce sunan mawaƙi ba. Waƙar baka kuwa ba ta da matani guda tsayayye. Gindi ne ke zaune, ɗiya suna sauyawa daga fage zuwa fage. Bakandamiyar Shata kanta an naɗe ta fiye da sau ɗaya, kuma zubin bai zo daidai da juna ba. Ɗalibin da ya juye kaset guda a takarda ya ce ga waƙar, zubi ɗaya kurum ya kama, bai kuma san na wace shekara ba ne.

Na biyu, mai kwafa ya zama edita ba da saninsa ba. In zare ya ƙare waƙa ba ta ƙare ba, sai ta gutsure. In ya rage, sai a cike gurbin da guntun wata. Akan kuma toshe ramin da ke hana sake naɗi, a ɗora sabuwar waƙa a kan tsohuwa, har wutsiyar tsohuwar ta leƙo a ƙarshe. Mai nazarin tsari da ya yanke hukunci cewa mawaƙi bai yi rufewa ba, mai yiwuwa tsawon zare yake sharhi a kai, ba fasahar mawaƙi ba.

Na uku ya shafi sauti. Kowane kwafi daga kwafi yana ƙara ƙugi, yana dusashe siraran amo. Batir mai rauni kuma yana sauya gudun zare, wanda ya kamata ya tsaya a santimita 4.76 a daƙiƙa, sai murya ta kaurara ko ta sirance. A harshe irin Hausa, wanda tsawon wasali da bambancin baƙaƙe masu ƙugiya ke rarrabe ma'ana a cikinsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, balle a waƙoƙin Sakkwatanci da ɗalibi Bakano ke juyewa. Kalmar da kunne bai kama ba, sai alƙalami ya cike da zato, zaton kuma ya shiga kundi ya zama hujja.

Abin lura shi ne, matsalar ba ta tafi da tafiyar kaset ba. Yawancin tsofaffin waƙoƙin da ke yawo a wayoyin hannu daga waɗannan kaset-kaset aka juyo su, da yankansu da ƙuginsu. Ɗandatti Abdulƙadir, wanda ya kammala kundinsa kan Shata a Jami'ar Indiyana a 1975, ya yi aiki mawaƙin yana raye, ana iya komawa a tambaye shi. Na yanzu ba shi da wannan gata. Saboda haka wajibi ne ya bayyana asalin kaset ɗin da ya juye, ya gwada zubi biyu ko uku kafin ya tsayar da matani, ya nemi na ma'ajiyar gidajen rediyo irin na Kaduna da Kano, sa'an nan ya sa alama a duk gurbin da bai ji sosai ba. Malaman da ke duba kundaye su ma ya kamata su riƙa neman wannan bayani kamar yadda suke neman shekarar bugun littafi.