Tutar Iwo Jima da 'Yan Mazan Jiyan Mu

Mai karatu, a makon jiya na sake zama na kalli Flags of Our Fathers, fim ɗin da Clint Eastwood ya ba da umarni a 2006. Labarin yaƙin Iwo Jima ne, wani tsibirin Japan inda sojan Amurka kusan 6,800 su ka mutu a 1945. A ranar 23 ga Fabrairu mai ɗaukar hoto Joe Rosenthal ya ɗauki sojoji shida su na kafa tuta a kan dutsen Suribachi. Daga wannan hoton aka ƙera gunkin tagulla da aka buɗe a Arlington a 1954.

Abin da ya burge ni shi ne daraktan bai tsaya kirari ba. Ya nuna yadda gwamnati ta riƙa yawo da samari uku gari-gari don tara kuɗin yaƙi, alhali zuciyar su na wajen abokan su da aka binne. Dubi Ira Hayes, wanda giya ta cinye, ya mutu a 1955. Illar fim ɗin ita ce yawan tsalle tsakanin jiya da yau. In ka tashi shan ruwa, to ka ɓata. Sannan a 2016 da 2019 rundunar ta amsa cewa biyu daga cikin ukun, Bradley da Gagnon, ba su cikin hoton. Amma ka lura, shekara 70 bayan yaƙi su na nan su na bin sawun sunayen mutanen su.

Mu fa? Mu ma kakannin mu sun je yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma Hausa ce yaren bariki. Barikin Chindit na Zariya da na Kalapanzin a Kaduna duk daga wannan yaƙin su ka samo suna. Malam Sa'adu Zungur ya yi masu waƙar Maraba da Soja. Waɗanda ba a ga gawar su ba, sunayen su na jikin bango a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon.

Ina yaro, akwai wani tsoho a layin mu a Darmanawa da ke saka lambobin sa a ƙirji kowace 15 ga Janairu. Mu na bin sa mu na "lef-rai, lef-rai!" Ya rasu babu wanda ya kunna masa rikoda. Wallahi har yau abin na ci na.

Ba gunki na ke nema ba. Addinin mu da al'adar mu ba su san shi ba. Namu abin tunawar shi ne labari. Marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya rubuta littafin Burma Boy a 2007, tauraron sa kuwa yaro ne Bahaushe, Ali Banana. Ga labari a kwance, amma ni dai ban taɓa cin karo da fim ɗin Hausa a kan sa ba.

Furodusoshin mu za su ce ina kuɗin jirgi da igwa? Ai ba sai an harba ko harsashi ɗaya ba. Tsoho, akwatin ƙarfe, da matar da ta yi shekara uku ta na jira sun isa fim.

Kai kuma mai karatu, in akwai tsohuwar da ta san mai gidan ta ya je Bama, ɗauki wayar ka ka je gaishe ta yau.