Batirin Haidurojin da Hunturun Kaduna: Abin da Masu Talla Ke Tsallakewa

Ka sha jin ana cewa batirin haidurojin zai raba mu da janareta: ba hayaƙi, ba ƙara, ruwa kawai yake fitarwa. Hakan gaskiya ne, amma masu yabon kan tsallake wani sharaɗi. In a Abakpa kake zaune, sharaɗin ya shafe ka kai tsaye.

A tsakiyar batirin akwai wani siririn tantani, galibi na Nafion, wanda kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a shekarun 1960. Haidurojin na rabuwa gida biyu: ilektiron ya bi waya ya ba ka wuta, firoton kuma ya ratsa tantanin ya haɗu da oksijin su zama ruwa. To, firoton ba ya wucewa sai tantanin na da danshi, don a kan ƙwayoyin ruwa yake tsallakawa. In ya bushe, wuta ta ragu, zafi ya ƙaru. In kuma ruwa ya yi yawa, ya toshe kafofin shigar iska, batirin ya shaƙe.

Yanzu dubi yanayinmu. A Janairu da Fabrairu, danshin iskar Kaduna kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. A Agusta kuwa ya haura 80. Ƙananan batura da yawa fanka ce ke zuƙo musu iskar waje, ita ke sanyaya su, ita ke ba su oksijin. Iskar da ke tsaga maka leɓe ita za ta riƙa kwashe ruwan tantanin, ga ƙura na cushe matata. Tantani kuma in ya yi ta kumbura yana motsewa, ƙarshensa tsagewa, haidurojin ya fara zurarewa.

Akwai mafita. Wasu batura na da na'urar da ke dawo da danshin iskar da suka fitar. Motar Toyota Mirai ta 2014 ma da ruwan da batirinta ke samarwa take jiƙa tantanin. Sai dai duk wannan kuɗi ne, kuma yana buƙatar gwanin gyara.

Don haka kafin ka yarda da talla, tambayi mai sayarwa: a wane danshi aka gwada batirin? Ya taɓa yin hunturu guda a Arewa? In tantanin ya tsage, wa zai canja shi a Kaduna, kuma nawa?